Takin da Ya Kwantar da Tamba

Idan mutum uku suka yi wa mutum ɗaya alheri, kowannensu a ɓoye, alherin ya taru ya zama cuta, wa za a kama da laifi? Na kai wa limamin masallacinmu wannan magana, ya ce ayyuka da niyya suke tafiya. Na kai wa wani fasto da yake kawo min gyaran fanka, ya ce Allah zuciya yake dubawa. Duk na yarda da su. Sai dai ita tamba ba ta dubi zuciyar kowa ba, kwanciya ta yi.

Sunana Abdulmalik. Ina gyaran fanka da rediyo da dutsen guga a wani ɗan shago a Gyadi-Gyadi, gidana kuma yana Tarauni. Ban yi nisa a makaranta ba, amma karatu ya kama ni kamar ciwo. Ko takardar da aka ƙunso min ƙosai sai na karanta ta kafin in yar. Shi ya sa mutanen layinmu suke kawo min duk abin da ya shige musu duhu, ni kuma sau da yawa in ƙara musu duhun.

A ƙarshen layin Baba Ɗanjuma yake, shi da matarsa Mama Rahila, wadda mata suke kira Maman Joshua. Mutumin Kudancin Kaduna ne, ya koyar a firamare a Kano har ya yi ritaya, don haka kowa Baba Tica yake ce masa. A bayan gidansa akwai wani fili da mai shi ya zuba harsashi ya tafi Legas, bai sake waiwayowa ba. Bulo layi biyu ne kawai a ƙasa, amma kana ganin inda falo zai zauna, da ɗakuna biyu, da kicin. Da izinin mai filin Baba yake ɗan shuka kuɓewa da yakuwa a ciki.

Bara yayarsa Jummai ta rasu a ƙauye. Da ya dawo daga jana'iza na shiga yi masa gaisuwa, sai ya ɗauko wata 'yar gora ya zuba min abin da ke ciki a tafin hannu. Ƙwayoyi ne ƙanana, jajaye, ba su kai gero girma ba.

"Ka san wannan?"

"Tamba ce, Baba. Ana sayar da ita a kasuwa. Masu ciwon suga suna kunu da ita."

"Ta kasuwa daban. Wannan ta gidanmu ce. Kanta a dunƙule yake fitowa kamar hannun jariri, tsuntsu ba ya samun ta. Yanzu a garinmu kowa ya koma citta da masara. Jummai kaɗai ta riƙe ta, ga shi ta tafi. Na bi gida gida, babu mai ko ƙwaya."

Ya karɓe ta daga hannuna a hankali, har wadda ta maƙale a tsakanin yatsuna sai da ya ciro.

Irin ya daɗe a gorar, Baba ya ji tsoron ba duka zai tsiro ba. Saboda haka da damina ta faɗi ya yafa shi gaba ɗaya a wani kwami cikin tsakar gidansa, bai rage komai ba. Allah ya sa ya tsiro. Da ya kai taƙi, ya cire ya dasa a falon harsashin da ɗakuna biyun. Kicin ɗin ya bar shi don bayansa ya gaji, ragowar dashen kuma suka zauna a kwamin, a cunkushe.

Daga nan tamba ta ƙi tashi. Ta tsugune a inda aka dasa ta, ganyen ya soma yin ja daga baki kamar an sa masa lalle. Filin kuwa a kan hanya yake, duk wanda ya wuce sai ya tofa albarkacin bakinsa.

Hajiya Uwani ce ta fi kowa. Ƙawar mahaifiyata ce, katangarta ce ta yi iyaka da filin, tana kiwon awaki, ɗanta kuma yana noman masara a Kura.

"Malam Tica, ciyawar nan taka yunwa take ji."

"Ba ciyawa ba ce, Hajiya. Tamba ce."

"To tambar yunwa take ji. Ga yuriya can a zaurena, yaron nan ya bar rabin buhu. Ka watsa mata ka ga ikon Allah."

"Tamba ba ta roƙo. Babana ya noma ta har ya tsufa, bai taɓa sa mata takin buhu ba."

"Babanka ba a yashin Tarauni ya yi noma ba."

"Hajiya, ki ji da awakinki, in ji da tambata."

"Ai su nake taya murna. Ko ba daɗe ko ba jima tasu ce."

Ni kuma na shiga waya na yi ta bincike. Abin da na iya fahimta shi ne, a cikin abincin shuka akwai manya guda biyu. Akwai naitirojin, wanda yake cikin yuriya, shi ke sa ganye. Akwai fosfaras, wanda yake cikin takin da manoma suke kira sufa, shi ke sa saiwa da ƙwaya. Ganye in ya yi rawaya, yuriya yake nema. In ya yi ja, shuka ta tsugune, galibi sufa ce babu. Na je Unguwa Uku na sayo 'yar leda ta sufa na kai wa Baba.

"Baba, ba yuriya take nema ba. Ga dukkan alamu wannan take so."

Ya kwance ledar, ya leƙa, ya ƙulle, ya miƙo min.

"Abdulmalik, da farar yuriyar da sufar nan mai ruwan toka, duk daga buhu suka fito. Irin nan tun kakana ba a canza masa abinci ba. Ba a hannuna za a fara ba."

Na mayar da ledar shago na rataye a ƙusa.

Ba a jima ba sai ga tamba ta farka. Ganye ya yi kore shar, har yana baƙi-baƙi. Ta wuce gwiwa, ta doshi ƙugu, ta rufe bulon har ba ka gane falo daga ɗaki. Baba ya fito da kujera bakin fili yana karɓar barka kamar mai suna.

"Hajiya, ina yunwar?"

Hajiya ta yi murmushi ta ce, "Ai Malam Tica, kai ne da gaskiya."

Tun da nake ban taɓa jin Hajiya Uwani ta bar wa wani gaskiya ba, amma a lokacin hankalina yana wani wuri. Duk abin da na karanta ya tashi a banza kenan? Na koma waya, na fito da ruɗun da ya fi wanda na shiga da shi. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai: karan ya yi laushi, in ka matsa shi ruwa ne zalla, kuma lokacin da ya kamata ta fara ciki ya yi, ita kuwa sai ƙara ganye take.

Wata la'asar cikin watan Agusta hadari ya taso daga gabas da iska. Ba wani ruwan a zo a gani ba ne, masarar mutane ko gezau. Amma da aka ɗauke, muka tarar tamba ta kwanta gaba ɗaya, falo da ɗakuna, kamar an shimfiɗa tabarma. Muka yi ƙoƙarin tayar da ita da sanduna da igiya, kana ɗagawa tana tugewa. Na ciro ɗaya na duba: kara har ƙugu, saiwa kuwa ba ta kai gemun saurayi ba. Aka ci gaba da ruwa a kanta, ta fara ruɓewa daga ƙasa, wari ya tashi.

Baba ya mayar da kujerarsa ciki. Na shiga gaishe shi na same shi a tsakar gida, a gaban kwamin, yana kallon ragowar dashen. 'Yan gajeru ne, masu jan baki, sun matse juna, amma suna tsaye.

"Baba, ai ga waɗannan. A dasa su a kicin. In ruwa ya ɗauke da wuri sai mu yi ban ruwa, ba yawa ne da su ba."

"Su ma su yi kore su kwanta? A'a. Na gane. Ƙasar nan ba tata ba ce. Ko kuwa hannuna ne ba ta sani ba, na Jummai ta sani. Ban sa mata komai ba, na bi ta yadda babana ya bi ta, ta yi min haka. Me ya rage in gwada?"

Na yi masa sallama na fito.

Washegari da hantsi ina shago sai ga adaidaita sahu ya tsaya, Hajiya Uwani ta sauko rungume da rediyo. Na jona shi, ya kama magana ƙalau.

"Hajiya, ai wannan babu abin da ya same shi."

"Na sani. Audu, turo ƙofar nan. Amana zan ba ka. Rantse."

"Hajiya, ban san a kan me zan rantse ba."

"Rantse tukuna, ja'iri."

Na ce na ɗauki amana. Ta zauna a kan benci ta rage murya.

"Ni na kashe tambar Malam Tica. Ran wata Lahadi suna coci, na ɗebi yuriya kwano ɗaya na zagaya na watsa mata. Wallahi tausayi ne, Audu. Mutum yana ramewa a kan ciyawa. Da ta yi kore har sadakar ƙosai na yi. Tun da ta kwanta ban yi barcin kirki ba."

"Ki gaya masa mana."

"In gaya masa? 'Ya'yansa a ɗakina suka yi rarrafe. Ya ce kar a sa, na sa. Da wane ido zan kalle shi? Kai dai ka duba min a wayar taka, kwano ɗaya yana kashe tamba?"

Ranar ban gyara fanka ko ɗaya ba. Masu bincike da hekta suke magana. Wani ya ce kilo arba'in na naitirojin a hekta, wani sittin, wani casa'in, wai ya danganta da ƙasa; fosfaras kuma talatin ko arba'in. Ni kuwa falo da ɗaki biyu nake da su. Na ɗauki tef na je na auna harsashin kamar mai shirin saye. Lissafin farko ya ba ni buhu guda, na san sifili ya ɓace min a hanya. Na biyu ya ba ni cokali. Can na gano cewa kilon da suke faɗa ba na yuriyar ba ne, na sinadarin da ke cikinta ne, shi kuwa bai cika rabinta ba. Na sake daga farko. A ƙarshe na tsaya a kan cewa, duk tsawon damina, falon nan da ɗakunan ba za su ci yuriyar da ta kai rabin kwano ba, ita ma a raba ta biyu, kuma sai an fara sa sufa a ƙasa. Kwano guda ya yi yawa. Amma ya isa ya kwantar da ita? Wannan babu wanda ya rubuta.

Ina cikin haka sai ga Kelechi. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu. Yana da shagon fenti a bakin titi da 'yar gonar masara a hanyar Zariya. Baba Tica ne ya koya masa baƙi da wasali, har yau in ya hango shi sai ya cire hula. Ya zauna inda Hajiya ta tashi, ya ɗauki sukundireba yana juyawa.

"Malam Abdul, kai mai karatu ne. A ce mutum ya ga malaminsa zai faɗa rami, malamin ya ce kar a taɓa shi, mutumin ya jawo shi, garin ja ya karya masa hannu. Ya yi laifi?"

Na ture takardar lissafin gefe.

"Kelechi, me ka zuba?"

Ya saki sukundireban. "Wa ya gaya maka?"

"Babu."

"Yuriya ce. Robar fenti ƙarama, ba ta ma cika sosai ba. Ran da Baba ya tafi tantance 'yan fansho. Masarata haka nake yi mata, tana godiya. Don Allah ya tsaya tsakanina da kai. In Baba ya ji, gara in tattara in koma garin iyayena da ban taɓa zama ba."

Na buɗe baki in ce masa ba shi kaɗai ba ne, sai na tuna na rantse. Na rufe. Ya ga na buɗe baki na rufe, ya ɗauka abin ya fi ƙarfin magana, ya fita yana murza ido.

Mama Rahila ba ta zo shago ba. A bakin famfo ta tare ni da yamma. Ta ajiye bokiti, ba ta kalle ni ba.

"Abdulmalik, tun da muka yi aure ban taɓa ɓoye masa komai ba sai wannan. Yuriya ce, gwangwanin tumatir, babba, sau biyu. Ba ya ci, ba ya barci, kullum yana bakin fili. Na ce ko ta ɗan yi kore ya samu ya ci tuwo." Ta ɗauki bokitinta. "Ba shawara nake nema ba. Nauyin ne ya yi min yawa. Ka riƙe min."

Haka na wayi gari da amana uku a wuya. Kowannensu yana ganin shi kaɗai ya yi kisan, kuma da zai san da sauran biyun da ya ɗan sami numfashi. Shi kuma Baba yana can yana zargin ƙasa da hannunsa, yana ganin irin yayarsa ya ƙi shi. Maganin kowa yana bakina, kuma su ne suka ɗinke bakin. Na juya abin ta wata fuska, ya ƙara cukurkuɗewa. In ma na faɗa, Baba zai ce kun gani, ga abin da takin buhu yake yi. Zai dasa ragowar, amma ba zai bari a ba su sufar da suke nema ba, su tsugune har ruwa ya ɗauke. Gaskiyar da za ta sa ya dasa, ita ce za ta hana shi ciyarwa. Dashen kuwa kullum ƙara tsufa suke a kwami, damina tana tafiya.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sake shiga wurinsa.

"Baba, ba ƙasar ba ce. Ba hannunka ba ne kuma."

"To mene ne?"

"Akwai dalili."

"Faɗi."

"Ba zan iya ba."

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani. Wato, na san abin da ya faru, amma ban san ko dukansa ne ya jawo ba, ko kuwa kashi ɗaya cikin uku ma ya isa."

Ya daɗe yana kallona ta saman gilashi, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya zo jarrabawa ba fensir.

"Karatun wayar nan zai taɓa ka, Abdulmalik. Gobe da hantsi zan tuge su in kai wa awakin Hajiya. Ta daɗe tana yi musu alkawari. In na daina ganinsu, ko na huta."

Abin da na yi bayan nan, har yau ban san sunansa ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce gobe da safe a same ni a bakin fili da abin da aka yi awo da shi, ina so in ga girmansa don lissafina ya daidaita. Ba ƙarya na yi ba, ina son ganin. Amma ba don shi na kira su ba. In mutum bai furta amana ba, ya dai gyara mata inda za ta faɗi da kanta, ya ci ta ko bai ci ba? Na sauko da ledar sufa daga ƙusa na sa a aljihu, ba tare da na san me zan yi da ita ba.

Hajiya ce ta fara zuwa, kwanon awo a ƙarƙashin mayafi. Sai Kelechi, da wani abu a baƙar leda. Suka gaisa, kowa yana kallon gefe, kowa yana jira ɗayan ya wuce. Mama Rahila ta fito ta ƙofar baya da gwangwani a hannu, ita ba ta ɓoye ba. Ta ga bakin kwanon da ya leƙo daga mayafin Hajiya. Hajiya ta ga gwangwanin. Kelechi ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya zaro robarsa a hankali kamar mai fito da shaida a kotu.

"La'ilaha illallahu," in ji Hajiya. "Maman Joshua, har da ke?"

"Har da ni, Hajiya."

"Kai kuma ɗan nema, wa ya aike ka?"

"Wanda ya aike ki, Hajiya."

"Ni kwano ɗaya tak na sa! Wannan robar taka ai ta yi kwano biyu. Ashe kai ne!"

"Ƙarama ce fa! Kuma ni da na zuba tana nan ja wur, ban ga alamar wani ya riga ni ba."

Da aka bi magana, ashe duk a mako ɗaya suka zuba.

"Audu, raba mu," in ji Hajiya. "Nasa ne ya kashe ta ko nawa?"

"Ban sani ba, Hajiya."

"Kullum ba ka sani ba! Kuma amanar da na ba ka kenan?"

"Ban faɗa wa kowa ba."

"Ba ka faɗa ba, ka dai tara mu kamar awaki."

Muna cikin haka Baba ya ɓullo ta ƙofar baya ɗauke da baho. Ya riga ya tuge dashen duka, ƙasa tana zuba daga saiwarsu. Ya tsaya. Ya dubi kwano, ya dubi roba, ya dubi gwangwanin da ke hannun matarsa.

"Me aka auna da su?"

"Yuriya," in ji Mama Rahila. "Mu uku. Babu wanda ya san da wani."

Ya ajiye bahon a kan bulo, ya zauna kusa da shi. Na ɗauka faɗa zai yi. Kelechi ya riga ya durƙusa, hula a hannu. Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki. Babu abin da kake ji sai awakinta ta bayan katanga.

"Wato ba ƙina ta yi ba," in ji Baba, a hankali, ba da mu yake ba. Ya sa hannu a bahon ya shafa ganyen. Sannan ya ɗago. "Ɗura kuka yi mata."

"Ɗura muka yi mata, Malam Tica," in ji Hajiya. "Ka yafe."

"Na ce muku tamba ba ta roƙo. Na faɗa ko ban faɗa ba? Ga abin da takin buhu yake yi, kun gani da idonku. Waɗannan zan dasa su, amma babu abin da zai taɓa su."

Abin da na ji tsoro kenan. Na taɓa ledar da ke aljihuna na fara, "Baba, jan bakin nan da suka yi..."

Mama Rahila ta katse ni.

"Baban Joshua, ka ce babanku bai taɓa ba ta komai ba."

"Bai taɓa ba."

"To tokar fa? Shekarar da aka kawo ni gidanku, su wa suke kwashe tokar murhu a kwando su kai gona? Ni da Jummai. Kafin a dasa kuma sai an tara kirare an ƙone a wurin. Wuyana har yau bai manta ba. Kai kana makarantar horon malamai, da hutu kake zuwa ka tarar ta yi kai, ka ce ba ta roƙo."

"Toka ai ba taki ba ce."

"To mece ce? Kwalliya?"

Dariya ta ƙwace wa Hajiya ta cikin mayafi, ta mayar da ita tari.

Baba ya dubi bahon. Rana ta fara ɗagawa, dashen da ke saman bahon sun soma langaɓewa.

"To a kawo toka," in ji shi.

"Da gas nake girki. Kai ka sayo min."

"Hajiya?"

"Ta gawayi ce, ba ta cika kofi ba, kuma jiya na wanke tukwane da ita."

Ya juyo gare ni. "Abdulmalik, abin da ke cikin tokar, shi ne a ledar nan taka ta ran nan?"

"Wani ɓangarensa, Baba. Haka na karanta. Toka tana da wasu abubuwan da babu a nan, ita kuma wannan ta fi ta..."

"Kar ka fara. E ko a'a?"

"Kusan e."

"In an dasa yau, za ta yi kai kafin ruwa ya ɗauke?"

"Ban sani ba, Baba."

"Wannan karon na yarda da kai." Ya yi ajiyar zuciya. "Nawa take ci?"

"Murfin kwalba ɗaya, rami biyar ko shida. Tsunkule ɗaya kenan a kowane rami, a rufe da 'yar ƙasa don kar ya taɓa saiwa. In ta kama ƙasa kuma sai a ɗan ba ta yuriya, kaɗan ƙwarai..."

"Kar in sake jin sunan nan yau."

Kelechi ya riga ya tsallaka cikin kicin, inda babu wanda ya zuba komai, ya samo tsinken itace yana huda ramuka. Mama Rahila ta ajiye gwangwaninta ta jawo bahon inuwa. Na fito da ledar, Hajiya ta miƙo hannu.

"Kawo in taya ku, Audu."

"Ke, Hajiya!" in ji Baba. "Hannunki a bayanki. Dukanku."

Ya karɓi ledar daga hannuna ya kwance. Ya sa yatsu uku ya tsunkulo, ya ɗaga ya duba a rana, ya dube ni. Na ce ina ganin ya ɗan yi yawa, ko kuma daidai ne. Ya girgiza kai, ya karkaɗe kaɗan a cikin ledar. Sannan ya dafa bulo, ya durƙusa a kicin ɗin da ba shi da rufi, ya zuba a ramin farko da hannunsa.